Yadda zaka saita furoksi a burauza, da jerin tsallake da mutane ke mantawa dashi

Akwai wata rana da muka gama haɗa furoksi a ɗakin kwamfuta na wata makaranta, kwamfuta 30 da 'yan kai, kowacce ta hau intanet lafiya lau, Google na buɗewa, shafukan da shugaban makarantar yace a toshe duk sun toshe, har na fara naɗe wayoyina zan tafi sai ga malamin jarabawa ya leƙo yace malam shafin saka maki fa yaƙi buɗewa. Shafin nan yana kan wata tsohuwar kwamfuta ne a ofishin da ke jikin ɗakin, bango ɗaya ne tsakaninsu. Na duba waya lafiya, nayi ping kwamfutar ta amsa, amma burauza tace sam bata san zancen ba. Sai wajen la'asar na gane cewa ni ne na jawo, na gaya wa burauza ta riƙa bin furoksi amma ban gaya mata wuraren da zata tafi da ƙafarta ba.

Toh shi furoksi ɗan aike ne, ba wani abu ba. Maimakon burauzarka ta tafi intanet da kanta, sai ta miƙa wa wata kwamfuta saƙon, ita ta je ta karɓo ta kawo. Ofisoshi da makarantu da asibitoci suna sakawa ne don su tace abinda ake shiga, su san wa ya shiga ina, wasu kuma don kawai kada kowace kwamfuta ta fita waje kai tsaye. Da can ana sakawa don rage cin data, saboda furoksi yana ajiye kwafin shafi idan mutum na biyu ya nema sai ya bashi na ajiye, amma gaskiya yanzu wannan amfanin ya ragu sosai tunda kusan kowane shafi ya koma HTTPS, kuma abinda ya bi ta HTTPS furoksi sunan shafin kawai yake gani, baya ganin abinda ke ciki balle ya ajiye. Idan wani ya ce maka zai saka maka Squid, wato wata manhajar furoksi, data ta daina ƙarewa, ka rage buri.

Jerin tsallake kuma shine sunayen wuraren da baka so a aiki ɗan aiken. Rautarka, firintar ofis, sabar da ke ɗakin kusa, na'urar kyamarori. Ba'a aikan yaro kasuwa ya karɓo abinda ke ɗakinka, wani lokacin ma yaron bai san hanyar ɗakin ba, ko an hana shi shiga.

Abinda zaka tanada kafin ka taɓa komai

Ka samu adireshin furoksin da lambar ƙofarsa, wadda ake ce wa fot. Squid yana zuwa da 3128, wasu suna amfani da 8080, idan SOCKS ne, wato wani nau'in furoksi daban, yawanci 1080. Kada ka yi hasashe, ka tambayi wanda ya kafa shi, kuma ka tambaye shi ko yana neman suna da kalmar sirri. Sannan ka ɗauki takarda da biro ka rubuta duk abinda ke cikin gida da ake shiga ta burauza, kuma ka rubuta shi yadda mutane ke buga shi a saman burauza, wannan yana da muhimmanci zaka ga dalili a gaba. A wannan bayanin zan ɗauka furoksinmu yana 192.168.10.2 fot 3128, sabar makaranta tana 192.168.10.5, kuma ana kiranta da suna rijista ko kuma cikakken suna rijista.makaranta.lan. Kai sai ka canza da naka.

Kafin ka saita burauza ka tabbatar kwamfutar tana iya kaiwa ga furoksin ma tukuna. Buɗe PowerShell ka buga:

Test-NetConnection 192.168.10.2 -Port 3128

Idan kaga TcpTestSucceeded ya nuna True, hanya a buɗe take. Idan False ne ka tsaya anan, duk saitin da zakayi a burauza ɓata lokaci ne, matsalar tana waya ko rauta ko fayawol ko kuma furoksin ne a kashe.

Windows, wanda shine na Chrome da Edge

Abu na farko da ya kamata ka sani, Chrome da Edge basu da saitin furoksi nasu na kansu a Windows, na Windows ɗin suke ara. Ko ka shiga saitin Chrome ka danna wajen furoksi, tagar Windows zai buɗe maka. Don haka sau ɗaya zakayi ya ishi su biyun.

A Windows 10 da 11 ka shiga Settings, sai Network & Internet, sai Proxy. Zaka ga kashi biyu, na sama na atomatik ne, na ƙasa kuma Manual proxy setup. A Windows 11 sai ka danna Set up tukuna akwatin ya fito. Ka kunna Use a proxy server, a wajen adireshi ka saka 192.168.10.2 shi kaɗai, a wajen Port ka saka 3128. Kada ka haɗa su a akwati ɗaya. A sama kuma ka kashe Automatically detect settings idan netwok ɗinku baya amfani dashi, domin idan yana kunne kuma ya samo wani saitin, shi Windows zai fifita akan wanda ka rubuta da hannu, ga kuma jinkirin da yake jawowa yana neman abinda babu.

Yanzu ga babban akwatin nan na ƙasa, shine jerin tsallake. Ana raba kowane da waƙafi mai ruwa, wato wannan alamar (;). Ba waƙafi zalla ba. Namu zai zama haka:

192.168.*;*.makaranta.lan;localhost;127.0.0.1

Sai ka saka alama a ɗan akwatin da ke ƙarƙashi mai cewa kada a yi amfani da furoksi ga adireshin cikin gida, ka danna Save. Mutane da yawa suna rufe tagar basu danna Save ba, ni ma na sha yi.

Toh anan ne tarkon yake, kuma shi ya kama ni a makarantar nan. Wannan ɗan akwatin na adireshin cikin gida, kowa yana ɗauka idan ya saka masa alama shikenan duk abinda ke cikin ofis an tsallake shi. Ba haka bane wallahi. Abinda Windows yake nufi da cikin gida shine sunan da babu ɗigo a cikinsa, shikenan. Idan ka buga http://rijista babu ɗigo, zai tafi kai tsaye. Idan ka buga http://192.168.10.5 akwai ɗigo har 3, a wajen Windows wannan baƙo ne, furoksi zai miƙa wa. Haka rijista.makaranta.lan, shima akwai ɗigo. Kwamfuta ɗaya ce, hanya uku ta kiranta, amma ɗaya kawai akwatin ya rufe. Sauran biyun dole ka rubuta su da hannunka.

Tarko na biyu ɗan'uwan na farko ne. Jerin nan yana duba rubutun da ke saman burauza ne, baya zuwa ya tambayi DNS, wato mai fassara suna zuwa lamba, wane adireshi ne ke bayan sunan. Kenan don ka rubuta 192.168.* ba zai tsallake rijista.makaranta.lan ba duk da cewa sunan yana komawa 192.168.10.5. Shi yasa nace ka rubuta yadda mutane ke bugawa. Idan rabin ma'aikata suna buga lamba rabi suna buga suna, dukka biyun zasu shiga jerin. Irin wannan ne yake faruwa da rautar TP-Link da ake shiga ta tplinkwifi.net, suna ne mai ɗigo, idan baka saka shi ba furoksi zai je nemansa a intanet.

Maganar tauraro kuma, wato alamar *, Windows da tauraro yake aiki, kada ka rubuta masa irin 192.168.10.0/24. Adireshin da aka ware wa cikin gida kashi uku ne tun 1994, akwai 10.0.0.0 zuwa 10.255.255.255, akwai 192.168.0.0 zuwa 192.168.255.255, sai na tsakiya mai rikici 172.16.0.0 zuwa 172.31.255.255. Na farko ka rubuta 10.* na biyu 192.168.* sun wadatar. Amma kada lalaci ya sa ka rubuta 172.* domin sauran 172 ɗin na mutane ne a intanet, Google ma yana da 172.217. Ko dai ka jera 172.16.* har zuwa 172.31.* guda 16, ko kuma ka saka wanda kuke amfani dashi kawai, wanda ni shi nafi so. 192.168.* ɗin nan ya riga ya ɗauke maka shafin MiFi na Huawei da ke 192.168.8.1 da MikroTik da ke zuwa da 192.168.88.1.

Idan tsohuwar Windows ce, ko kuma ka fi sabawa da tsohuwar hanya, danna maɓallin Windows da R ka buga inetcpl.cpl, sai Connections, sai LAN settings, jerin tsallaken yana cikin Advanced. Waje ɗaya suke rubutawa da sabuwar tagar, duk wanda ka canza ɗayan zai nuna.

Akwai kuma wani abu da ba na burauza bane amma zai dawo maka. Saitin da mukayi na mai amfani ne, wanda ya shiga kwamfutar da sunansa. Wasu ayyukan Windows da ke gudana a bayan fage suna da nasu saitin daban mai suna WinHTTP. Idan kaga burauza na aiki amma wasu ayyukan tsarin sun kasa fita, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka buga netsh winhttp show proxy ka gani. Idan yace kai tsaye yake fita, ka buga netsh winhttp import proxy source=ie ya kwafi wanda ka saita harda jerin tsallaken. Ranar da kake son cirewa, netsh winhttp reset proxy.

Firefox, mai gidan kansa

Firefox ba ya jiran kowa, yana da saitinsa. Shiga Settings, a akwatin bincike na sama ka rubuta proxy, zai kai ka Network Settings, ka danna. Zaɓi 5 ne a ciki. Yana zuwa akan Use system proxy settings, ma'ana ya bi na Windows, kuma idan hakan na maka aiki ka barshi haka, aiki ya ragu. Idan kuma kana so ka saita masa nasa, zaɓi Manual proxy configuration, a HTTP Proxy ka saka 192.168.10.2, Port 3128, sannan ka saka alama a Also use this proxy for HTTPS. Idan ka manta wannan alamar, shafukan HTTPS, wato kusan komai, zasu yi ƙoƙarin fita kai tsaye, idan fayawol ta toshe sai kaga burauza na ta juyi kamar babu intanet.

Akwatin No proxy for shine jerin tsallakensa, kuma yarensa daban ne da na Windows, kada ka kwafo ka manna. Anan da waƙafi ake rabawa, kuma shi yana jin lissafin netwok amma baya jin tauraro a ƙarshen lamba:

192.168.0.0/16, .makaranta.lan, <local>

Ka lura da ɗigon da ke gaban makaranta.lan, shine yake nufin duk sunan da ya ƙare da haka. Shi kuma <local> aikinsa ɗaya da ɗan akwatin Windows, sunaye marasa ɗigo. Idan ka rubuta 192.168.* a Firefox ba zai maka faɗa ba, ba zai nuna kuskure ba, kawai ba zai yi aiki bane, kai kuma kana can kana zargin waya. localhost da 127.0.0.1 basa buƙatar rubutawa, Firefox na yanzu baya tura su furoksi ko kaɗan, Chrome ma haka.

Idan SOCKS aka baka, akwatin SOCKS Host zaka cika ka bar na HTTP babu komai, ka zaɓi SOCKS v5, kuma ka saka alama a Proxy DNS when using SOCKS v5 don tambayar suna ma ta bi ta can.

Waya da Mac da Linux a taƙaice

A Android saitin yana jikin kowane Wi-Fi ne. Shiga Wi-Fi ɗin da kake kai, danna gyara, buɗe Advanced options, a Proxy ka zaɓi Manual. Akwai wajen suna, wajen fot, da Bypass proxy for inda ake rabawa da waƙafi. Sunayen wuraren suna ɗan bambanta tsakanin Tecno da Samsung da Redmi amma abu ɗaya ne. Sai dai ka sani burauza ce take bin wannan saitin da tabbas, sauran manhajoji wasu suna bi wasu basa bi, Android da kansa yana rubuta wannan gargaɗin a wajen. A iPhone kuma Settings, Wi-Fi, ka danna ƙaramin i ɗin da ke gefen sunan, ka sauka ƙasa zuwa Configure Proxy. Manual ɗinsa babu wajen jerin tsallake kwata-kwata, idan kana buƙatarsa dole sai ta fayil ɗin PAC da zamu zo kansa.

Mac: System Settings, Network, zaɓi Wi-Fi ko waya, Details, Proxies. Ka kunna na HTTP da na HTTPS kowanne daban ka cika su. Jerin tsallake yana ƙasa, zaka tarar da *.local da 169.254/16 a ciki, kada ka goge su, ƙara naka zakayi da waƙafi. Safari da Chrome duk shi suke bi.

Linux mai GNOME yana da Network Proxy a cikin saitin netwok, jerin kuma sunansa Ignore Hosts. Amma manhajojin da ake sarrafawa da rubuta umarni irin curl da wget basa kallon can, http_proxy da https_proxy da no_proxy suke karantawa, kuma ka rubuta su da ƙananan baƙaƙe domin curl baya karɓar http_proxy da manya.

Idan kwamfutocin sun yi yawa: fayil ɗin PAC

Kwamfuta 3 ko 4 zaka iya bi ɗaya bayan ɗaya. Amma 30, kowacce da Chrome da Firefox, sannan bayan sati biyu a kawo sabuwar firinta ace a ƙara ta a jerin, ai sai ƙafa ta kumbura. Maganin wannan tsoho ne, kamfanin Netscape ne ya fito dashi a 1996 kuma har yau duk manyan burauzoji suna jinsa. Ɗan ƙaramin fayil ne na JavaScript da yake amsa tambaya ɗaya tak, wannan adireshin ta ina za'a bi. Buɗe Notepad ka rubuta:

function FindProxyForURL(url, host) {
 if (isPlainHostName(host)) return "DIRECT";
 if (dnsDomainIs(host, ".makaranta.lan")) return "DIRECT";
 if (shExpMatch(host, "192.168.*")) return "DIRECT";
 if (shExpMatch(host, "127.*")) return "DIRECT";
 return "PROXY 192.168.10.2:3128";
}

Daga sama yake karantawa, layin da ya fara dacewa shi zai ɗauka ya tsaya. Na farko sunaye marasa ɗigo, na biyu duk abinda ya ƙare da .makaranta.lan, na uku da na huɗu lambobi, abinda ya rage duka furoksi. Kaga jerin tsallake ɗaya kenan da Chrome da Firefox da iPhone duk zasu fahimta iri ɗaya, babu zancen wannan tauraro wancan waƙafi.

Ka adana shi da suna proxy.pac, ka tabbatar Notepad bai liƙa masa .txt a baya ba. Sai ka ɗora shi a wata sabar yanar gizo ta cikin gida yadda za'a same shi a misali http://192.168.10.5/proxy.pac. Kada ka ajiye shi a faifan C ka nuna shi da file:// domin Windows na yanzu baya karanta PAC ta wannan hanyar. Idan kana da iko da sabar, ka saita ta ta riƙa bada shi da nau'in application/x-ns-proxy-autoconfig. A Windows ka kunna Use setup script ka saka adireshin, ka kashe na hannu. A Firefox Automatic proxy configuration URL, akwai maɓallin Reload a gefe da zaka danna duk lokacin da ka gyara fayil ɗin. A iPhone ka zaɓi Automatic.

Zaka ga wasu suna amfani da wani umarni mai suna isInNet a cikin PAC. Yana aiki, harma yana iya abinda jerin hannu baya iyawa, wato ya gano cewa suna kaza yana komawa adireshin cikin gida. Amma kuɗinsa shine duk shafin da aka buɗe sai burauza ta tsaya ta tambayi DNS tukuna, idan DNS ɗinku mai nauyin jiki ne kowa zai ji a jikinsa. Ni sai dole nake saka shi, kuma a ƙasan jerin. Sannan ka gina sharuɗɗanka akan host ba url ba, saboda a shafukan HTTPS burauza tana yanke duk abinda ya biyo bayan sunan kafin ta miƙa wa PAC.

Layin ƙarshe yana da wata shawara da sai ka yanke da kanka. Idan ka rubuta "PROXY 192.168.10.2:3128; DIRECT" ma'anarsa idan furoksi ya mutu a fita kai tsaye. A ofishin da aiki ne gaba, wannan rahama ce, NEPA ta ɗauke wuta a ɗakin saba mutane basu ma sani ba. A makarantar da aka saka furoksi don tacewa kuwa, ka buɗe ƙofar baya kenan. Kuma tunda mun zo nan bari in faɗa, saitin burauza ba katanga bane, roƙo ne. Duk ɗalibin da ya san inda No proxy yake a Firefox ya gama da kai. Idan da gaske kake so kowa ya bi furoksi, a rauta ko fayawol zaka toshe fita ta fot 80 da 443 ga kowa banda 192.168.10.2.

Shi kuma Automatically detect settings da muka kashe ɗazu, sunan abinda ke bayansa WPAD, hanya ce da kwamfuta zata nemo PAC ɗin da kanta ba tare da ka rubuta mata adireshi ba. Ko dai ta DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, da zaɓi mai lamba 252, ko ta DNS inda zata nemi kwamfuta mai suna wpad ta karɓi fayil wpad.dat, wanda PAC ɗin nan ne aka canza wa suna. Idan DNS ɗinku na Windows Server ne, tun daga na 2008 yana toshe sunan wpad da gangan, sai ka cire shi daga jerin toshewar kafin ya amsa. Dalilin toshewar kuwa shine duk wanda ya samu damar amsa sunan wpad a netwok ya zama furoksin kowa. Saboda haka laftof ɗin da ke yawo otal da filin jirgi, na fi so a kashe masa wannan maɓallin.

Masu Active Directory kuma, wato tsarin Microsoft na sarrafa kwamfutocin ofis daga waje ɗaya, zasu iya turawa ta Group Policy, a User Configuration, Preferences, Control Panel Settings, Internet Settings. Abu ɗaya zan ja kunnenka akai, a tagar zaka ga layi kore ko ja a ƙarƙashin akwatuna, wanda yake ja ba za'a tura shi ba ko ka cika shi. Danna F6 ya mayar da wanda kake kai kore, F5 kuma duka shafin.

Gwaji, da karanta kuskure

Rufe burauzar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Gwada abu 4 a jere, shafin waje guda ɗaya, sannan sabar cikin gida da gajeren suna, da cikakken suna, da lamba. Kada ka gwada ɗaya ka tafi.

Idan Chrome ya nuna ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED, ko Firefox yace furoksi yana ƙin karɓar haɗi, burauza bata kai ga furoksin ba ma, ka duba lamba da fot, ka maimaita gwajin PowerShell na farko. Idan ERR_TUNNEL_CONNECTION_FAILED ne, ta kai gare shi amma shi ya ƙi ko ya kasa buɗe mata hanyar HTTPS. Wannan yana yawan faruwa da na'urorin cikin gida masu shafi a fot irin 8443, domin Squid yadda yake zuwa fot 443 kawai yake yarda a yi irin wannan haɗin, kuma ganin wannan kuskuren akan na'urar cikin gida shaida ce cewa bata shiga jerin tsallake ba. Lamba 407 tana nufin furoksi yana neman suna da kalmar sirri. 403 mai tambarin Squid kuma yana nufin ya ji ka sarai, dokarsa ce ta hana, wannan gyaran a squid.conf yake ba a burauza ba.

Idan kana son cire burauza daga lissafi gaba ɗaya, Windows 10 da 11 suna zuwa da curl, a Command Prompt:

curl -x http://192.168.10.2:3128 -I https://example.com

Idan wannan ya dawo da 200 furoksi lafiyarsa ƙalau, laifin na saitin burauza ne. A Chrome zaka iya shiga chrome://net-internals/#proxy ka danna Re-apply settings da Clear bad proxies, domin idan furoksi ya taɓa mutuwa Chrome yana riƙe shi a zuci na ɗan lokaci ko bayan ya dawo. Idan kuma saitin yayi toka-toka baya taɓuwa, duba chrome://policy, wataƙila daga sama aka ɗaure shi. Ƙarin manhajojin VPN da ake liƙa wa Chrome suma suna ƙwace saitin furoksi, ka kashe su kafin ka fara zargin kanka.

Wani abu da zaka riƙa gani, ma'aikaci ya tafi gida da laftof ya kira ka da daddare wai intanet ya lalace, alhali Wi-Fi ɗinsa na gida lafiya lau. Saitin hannu na Windows baya bin Wi-Fi kamar na waya, duk inda laftof ɗin ya je yana neman 192.168.10.2 da ya baro a ofis. Ka ce ya kashe Use a proxy server. Masu laftof tun farko gara ka basu PAC, domin idan burauza ta kasa samo fayil ɗin a gida yawanci kai tsaye take fita. Idan kuma ka tarar da furoksi a kunne a kwamfutar da ba kai ka saka ba, musamman mai nuna 127.0.0.1 da wata baƙuwar fot, kuma ka kashe ya dawo, ka binciki abinda aka girka kwanan nan, wani lokacin riga-kafin kwamfuta ne ko VPN, wani lokacin kuma ƙwayar cuta ce. Su kuma furoksin kyauta da ake rabawa a intanet, baka san mai shi ba, kada ka shiga banki ko ka buga BVN ta cikinsu.

Hanyar da nafi yarda da ita wajen tabbatar da tsallake yana aiki, ba buɗewar shafin bace, domin wani lokacin shafin cikin gida yana buɗewa ta furoksi ma baka sani ba, sai ranar da furoksin ya mutu ya tafi dashi. Ka hau kwamfutar Squid ɗin ka buga tail -f /var/log/squid/access.log ka barshi yana gudu, sannan daga wata kwamfutar ka buɗe Google, zaka ga layi ya fito da TCP_TUNNEL/200. Yanzu buɗe 192.168.10.5, sannan rijista.makaranta.lan. Idan allon yayi shiru babu sabon layi, sun tafi kai tsaye. Idan kaga sunan sabar ya bayyana a ciki, koma akwatin ka duba, mafi yawan lokuta waƙafi ne aka saka a inda ake son waƙafi mai ruwa.